Takardar shekara goma da abin da ke gabanta

Bara na yi jinyar wani dattijo, mutumin Damagaram, haihuwar 1951. Ina ɗaura masa ruwa ya dube ni ya ce, "'Yata, ni fa Bafaranshe aka haife ni. Ina ɗan shekara tara aka wayi gari na zama baƙo, ko ƙofar gidanmu ban bari ba." Na ɗauka zazzaɓi ne ke sa shi sambatu. Ashe Baba gaskiya ya faɗa, kuma kai da ke riƙe da takardar zama ta shekara goma a aljihu, maganarsa ta shafe ka.

Kafin 1946 kakanninmu na Nijar talakawan Faransa ne kawai, ba 'yan ƙasa ba. Ana karɓar harajinsu, ana sa su aikin tilas, ana ɗaukarsu soja. A duk Afirka ta Yamma mutanen garuruwa huɗu na Senegal ne ke da matsayin ɗan ƙasa: Dakar, Saint-Louis, Gorée da Rufisque. Ran 7 ga Mayu 1946 aka yi dokar da ke ɗauke da sunan Lamine Guèye, ɗan majalisa daga Senegal, wadda ta ce duk mutanen ƙasashen nan sun zama 'yan ƙasa. Galibi a takarda abin ya tsaya, don sai a 1956 kowa da kowa ya samu ƙuri'a. Amma takarda ita ce komai a ƙasar nan, ka sani, na sani.

Da Nijar ta samu 'yancin kai ran 3 ga Agusta 1960, wanda ke zaune a gida ya rasa wannan matsayi. Sai dai ba a rufe ƙofa gaba ɗaya ba. Dokar 28 ga Yuli 1960 ta bar wa wanda ya zo ya zauna a Faransa damar ya je gaban alƙali ya ce a tabbatar masa da zamansa ɗan ƙasa. Iyayenmu da yawa ba su yi ba. Wasu ba su ma ji labari ba, wasu kuwa cewa suke shekara biyu za su yi su koma gida, me za su yi da takardar Nasara? Shekara biyun nan ce ta zama arba'in. A 1973 aka ƙuntata hanyar, a 1993 aka toshe ta. ('Yan'uwana na Kano da Katsina, ku yi haƙuri, wannan babin ba naku ba ne, ku Ingila ta mulka. Na gaba na kowa ne.)

Ita kanta takardar shekara goman ba kyauta aka ba mu ba. A 1983 samarin unguwar Minguettes da ke Vénissieux, gefen Lyon, yawancinsu 'ya'yan Larabawan Magrib, suka shirya tattaki a ƙafa. Sun tashi daga Marseille ran 15 ga Oktoba, suka iso Paris ran 3 ga Disamba, Shugaba Mitterrand ya karɓi wakilansu. A Yulin 1984 dokar takardar ta fito. Duk lokacin da na ji wani namu a Quatre-Chemins yana zagin Larabawa a dunƙule, sai in tuna ƙafafun wa suka kumbura kafin ya samu abin da yake taƙama da shi.

To amma takardar nan izinin zama ce, ba ta wuce nan ba. Ba ka zaɓe da ita, ko na magajin garin Aubervilliers. Ni kaina na ɗanɗana. Da digirina na jinya a hannu na yi shekaru ina aikin kwantiragi a wani asibitin gwamnati, ƙannen bayana suna zama ma'aikatan dindindin ina kallo, domin wannan matsayin sai ɗan ƙasa ko ɗan Tarayyar Turai. Hakan ya sa na kai takarduna.

Sharuɗɗan kuwa ba sa tsayawa wuri ɗaya. Ka'idar ita ce zaman shekara 5 da takarda sahihiya, ko shekara 2 in ka yi karatun jami'a a nan ka gama. A da mutanen ƙasashen da Faransa ta mulka ba sa jiran shekara biyar ɗin, dokar 2006 ta soke wannan sassauci, ta kuma mayar da jiran mai neman ta hanyar aure shekara 4. Harshe ma haka: a 2012 aka fara neman matakin B1 a baki, a 2020 aka haɗa da rubutu, dokar Janairun 2024 ta ɗaga shi zuwa B2 daga farkon 2026. Sannan za a duba aikinka da harajinka, a duba ko ka taɓa shiga hannun shari'a, a duba inda matarka da ƙananan 'ya'yanka suke. Wanda ya bar iyali a Maraɗi yana aika musu kuɗi, sau da yawa nan ake kama shi, a ce zuciyarsa ba a nan take ba. Ko ka cika komai, gwamnati na da ikon ta ce ka dawo bayan shekara biyu. Masu tsoron rasa fasfon gida kuma su kwantar da hankali: Faransa ba ta hana riƙe biyu, Nijar ta yarda tun 2014, Nijeriya ma ta yarda ga wanda haifaffen ɗan ƙasa ne.

Tsohon tarihin bai mutu duka ba. A Afrilun 2017 Shugaba Hollande ya mayar wa tsoffin sojojin Afirka 28 matsayinsu a fadar Élysée, bayan fafutukar Aïssata Seck ta Bondy, nan maƙwabtanmu. Mayarwa aka ce, don abinsu ne tun asali. Wanda aka haifa a Nijar kafin 'yancin kai yana iya neman irin wannan mayarwar ba tare da jiran shekara biyar ba. Dattijon da ya kai 65, ya yi shekara 25 a nan da takarda, yana da ɗa ko jika ɗan ƙasa, shi ma akwai tasa hanyar ta daban. Yaron da aka haifa a Faransa kafin 1 ga Janairu 1994 kuwa, in mahaifinsa ko mahaifiyarsa haihuwar Nijar ne kafin Agustan 1960, ɗan ƙasa ne tun daga ranar da ya faɗo.

Na gaya wa 'yar Baban nan haka a bakin ɗaki ranar da aka sallame shi. Ta ce takardar haihuwarsa tana cikin wata tsohuwar akwati a Damagaram, wajen ƙanwarsa. Na ce ta kira gwaggon tata a daren.