Asalin Awon Sinadarai da Bugun Lantarki

A shekarar 1922, a birnin Prag na ƙasar Cekoslobakiya, wani malamin kimiyya mai suna Jaroslav Heyrovsky ya lura da wani abu. Idan zaiba tana ɗiga daga siririn bututun gilashi cikin ruwan da aka narkar da sinadari, aka riƙa ƙara mata ƙarfin lantarki sannu a hankali, akwai inda wutar da ke ratsawa za ta yi tsalle. Wurin tsallen shi ke faɗin wane sinadari ne, tsayinsa kuma ya faɗi yawansa. Wannan aiki ya jawo masa kyautar Nobel a 1959.

Sai dai dabarar tana da cikas. Duk sanda aka motsa ƙarfin lantarki, wata wuta ta daban kan taso don cika fuskar zaibar da caji, ba ruwanta da sinadarin da ake nema. In sinadarin kaɗan ne, sai ta danne shi.

Geoffrey Barker, na cibiyar binciken nukiliya ta Harwell a Ingila, shi ya gano maganinta a farkon shekarun 1950. Ya ga wutar cajin tana mutuwa nan da nan, ta sinadarin kuwa tana ja da baya a hankali. To, sai ya riƙa buga ƙarfin lantarkin sama, ya dawo da shi ƙasa, ba ya awo sai a ƙarshen kowane bugu, kamar mai jiran ƙura ta lafa kafin ya duba hanya. A ganina, hikimar aikin duka tana cikin wannan ɗan jiran.

Wasu masana biyu, Ramaley da Krause, suka shimfiɗa lissafin wannan dabara a 1969, amma ba ta bazu ba sai da kwamfuta ta shiga ɗakunan gwaji, Janet da Robert Osteryoung suka raya ta a Amurka. A sigarsu, ƙarfin yana hawa mataki-mataki, kowane mataki da bugun gaba da na baya, a debe awon wannan daga na wancan. Gwajin da ke cin mintuna ya koma na daƙiƙoƙi.

Yau da ita ake farautar dalma a ruwan sha, ana auna magunguna. Masu bincike irin su Milivoj Lovric na Zagreb kuma sukan sauya saurin bugun, su ga inda amsar ta fi tsayi, daga nan su lissafa saurin da ilektiron ke tsallakawa tsakanin sandar awon da ke cikin ruwan da sinadarin da ya manne mata.