Wa Ya Taɓa Wannan Layin? Yadda Aka Fara Bin Sawun Gyara A Manyan Kwamfutoci

Idan ka taɓa tsayawa a kasuwar Sheme ko ta Ƙanƙara ka ga yadda dillali ke riƙe littafin bashi, ka san ba jimillar kuɗin kaɗai ake dubawa ba. Ranar da aka yi gardama, abin da za a nema shi ne wa ya soke wannan lamba, yaushe, kuma da izinin wa. To, irin wannan tambaya ce ta dami masu rubuta manhaja tun zamanin manyan kwamfutocin nan masu cika ɗaki, waɗanda ake kira menfirem.

A shekarun 1960, lokacin da IBM ta fito da System/360 a 1964, ba a allo ake rubuta manhaja ba. A kan kati ake huda ta, kowane kati layi ɗaya ne mai gurabe 80. Manhajar biyan albashi kan iya cin kati dubbai. Kana son gyara? Sai ka zare kati ka sa wani. Shi ke nan, tsohon ya tafi kwandon shara, babu wata shaida da ta rage. Idan kuwa tsautsayi ya sa akwatin ya zube ƙasa, ka shiga uku. Shi ya sa wasu ke jan layi a karkace da alƙalami a gefen katunan, don a gane wanda ya bar wurinsa.

Dabarar da ta fi wannan ita ce lambar jeri. A harshen Fortran, gurabe takwas na ƙarshe, daga 73 zuwa 80, kwamfuta ba ta ɗaukarsu a matsayin umarni, sai aka riƙa sa wa kowane kati lamba a nan. Yawanci ana tsallake goma-goma ko ɗari-ɗari, don a bar wurin cusa sabon layi a tsakani. A ganina nan ne tushen komai. Da zarar layi ya samu lamba, to ya samu suna, kana iya cewa "goge layi na 120, sa wannan a madadinsa". Manhajoji irin su IEBUPDTE na IBM haka suke aiki: asalin rubutun yana kan tef ko faifai, kai kuma ka kawo ƴan katunan gyara kawai. Waɗannan ƴan katunan, in an adana su, su ne tarihin canjin.

Kamfanoni suka ga kasuwa. Wajajen 1970 aka samu Librarian da Panvalet, masu tsare rubutun manhaja a rumbu ɗaya. Amma babban tsallen ya zo ne a 1972, lokacin da Marc Rochkind na Bell Labs a Amurka ya rubuta SCCS, da farko a kan IBM System/370, kafin ya mai da shi kan Unix. Maimakon ajiye kwafi ɗari na fayil ɗaya, SCCS na ajiye fayil guda wanda ke ɗauke da duk layin da aka taɓa rubutawa, kowanne da alamar gyaran da ya shigo da shi da wanda ya cire shi. Ba a jefar da komai. Ka nemi yadda manhajar take watanni shida baya, sai ya bi fayil ɗin sau ɗaya ya tsamo maka layukan da ke raye a lokacin, tare da sunan mai gyara, kwanan wata da dalilin da ya rubuta.

Wanda bai riƙe wannan tarihi ba ya ji a jikinsa gab da shekarar 2000. Tsofaffin manhajojin COBOL da yawa na rubuta shekara da lamba biyu, 99 maimakon 1999. Da aka zo gyara, wasu ma'aikatu suka tarar rubutun da ke hannunsu bai yi daidai da manhajar da ke aiki ba, wasu ma ya ɓata ɗungurungum.

Git, wanda Linus Torvalds ya rubuta a 2005, shi ne ya mamaye fagen yau, har masu menfirem da dama sun koma kansa, ko da yake Endevor na nan daram a manyan bankunan duniya. Kuma har yanzu, in ka leƙa tsohon fayil na COBOL a irin waɗannan wurare, za ka ga faɗin layinsa gurabe 80 ne cif, gwargwadon katin da IBM ta fitar a 1928.