Mujallun Ilimi da Nazarin Tarihin Ƙasar Haɗeja

Manufar wannan maƙala ita ce a duba matsayin mujallun ilimi ga mai binciken tarihin Haɗeja da fadamarta. Sau da yawa ɗalibi kan ɗauki duk abin da ya gani a mujalla tamkar yankan wuƙa. To, amma ita maƙala 'yar zamaninta ce, tana da marubuci da manufa da shekarar da aka buga ta.

Alal misali, a 1908 H. R. Palmer ya buga fassarar Tarihin Kano a wata mujallar masana a London, aka daɗe ana dogaro da irin fahimtarsa game da asalin Hausawa. Sai a 1970 Abdullahi Smith ya fito da maƙalarsa kan kafuwar ƙasashen Hausa a mujallar Ƙungiyar Tarihi ta Nijeriya, inda ya nuna raunin ɗaukar labarin Bayajidda a matsayin tarihi tsantsa. Wannan muhawara ta shafi Haɗeja kai tsaye, domin Biram, watau Garun Gabas, tana cikin Hausa Bakwai. Wanda ya tsaya kan ra'ayin farko bai karanta na biyu ba, ya yi bincike rabi.

Haka kuma batun Sarki Buhari, wanda ya bijire wa Sakkwato har rasuwarsa a 1863. Rubutun da ya dogara da takardun Sakkwato kan ɗauke shi ɗan tawaye, alhali a bakin Haɗejawa jarumi ne. Shi ya sa Victor Low ya koma ga tarihin baka a littafinsa na 1972 kan Gwambe da Katagum da Haɗeja.

Fadamar ma haka take. An kammala madatsar Tiga a 1974, ta Challawa a 1992, ambaliyar da manoman shinkafa da masunta da makiyaya ke dogaro da ita kuwa ta ragu. Saboda haka bayanin da aka buga kafin Tiga yana siffanta wani kogi ne daban da na yau.

Wajibi ne mai nazari ya tambayi kowace maƙala abu uku: yaushe aka rubuta ta, daga ina marubucinta ya samo hujja, wa kuma ya mayar masa da martani. Daga nan sai ya gwada ta da takardun gidan adana tarihi na Kaduna da kuma abin da dattawan Haɗeja da Auyo suka riƙe.