Gudawa a Ƙananan Yara

Gudawa, ko zawo, ita ce yin bahaya mai ruwa-ruwa sau uku ko fiye cikin awa 24. Ga jariri mai shan nono zalla ba a tsayawa kan ƙidaya, domin kashinsa da ma mai laushi ne kuma yakan yi shi a kai a kai. Abin dubawa shi ne ko ya tsinke fiye da yadda uwa ta saba gani. A ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya, gudawa ce ta uku cikin cututtukan da ke kashe yara 'yan wata 1 zuwa wata 59, kuma tana cin ran yara 'yan ƙasa da shekara 5 kimanin 440,000 kowace shekara. A farkon shekarun 1980 adadin ya haura miliyan 4.

Iri-irinta da sanadinta

Likitocin yara suna kasa ta gida uku. Akwai ta ruwa, mai ɗaukar awanni ko 'yan kwanaki, kuma kwalara a nan take. Akwai atini, wanda ake ganin jini a kashi. Sai wadda ta kai kwana 14 ba ta tsaya ba. Mafi yawansu ƙwayoyin cuta ne ke haddasa su, suna shiga ta baki daga ruwa, abinci ko hannun da ya gurɓata da bahaya. Ƙwayar rota ta fi addabar jarirai da 'yan yaye, kuma a ƙasashen Sahel ta fi tashi da hunturu, yayin da masu bin gurɓataccen ruwa suke ƙaruwa da damina.

Inda haɗarin yake

Abin da ke kisa a gudawa ƙarewar ruwa da gishirin jiki ne. Jikin yaro ƙarami ne, ajiyarsa ba ta da yawa, don haka yini ɗaya na amai da zawo yana iya galabaitar da shi. Da farko zai riƙa fitina da zaƙuwar shan ruwa. Daga nan idanu su zurma, baki ya bushe, fitsari ya ragu, ya yi kuka ba hawaye. Ma'aikatan lafiya sukan kama fatar ciki da yatsa biyu, tsakanin cibiya da gefe, su ɗaga su saki: fatar mai lafiya takan koma nan take, amma idan ta wuce daƙiƙa 2 a tattare, ruwa ya ƙare sosai. A jariri maɗiga takan faɗa. Wannan alamar ƙishirwar jiki ce, ba wata cuta ce ta daban a kai ba, kuma duk abin da aka shafa a wurin ba ya ɗago ta. Ruwa ne ke ɗago ta.

Wata magana da ta jawo asara mai yawa ita ce "haƙori ne". Fitar haƙori takan fara wajen wata 6, daidai lokacin da yaro ya fara cin abinci, yana jan ciki, yana kai komai baki, kariyar da ya gado daga uwa kuma tana raguwa. Haɗuwar lokaci ce ta sa ake ɗora wa haƙori laifi. Illar ita ce jinkiri, a zauna ana jira haƙori ya fito yaro yana tsiyaya. Magungunan haƙori ma ba su da abin yi a nan. Tsakanin ƙarshen 2008 da farkon 2009, wani na ruwa mai suna My Pikin, da ya gurɓata da sinadari mai lalata ƙoda, ya kashe yara aƙalla 84 a Najeriya.

Ruwan gishiri da sukari

Maganin farko shi ne ORS, wato ruwan gishiri da sukari. Hikimarsa ita ce hanji, ko yana cikin gudawa, yana iya tsotsar gishiri muddin yana tare da sukari, ruwa kuma ya bi su. David Nalin da Richard Cash sun tabbatar da amfaninsa ga masu kwalara a Dhaka a 1968. A 1971, lokacin yaƙin Bangaladash, ruwan leda na ƙarin ruwa ya yanke a sansanin 'yan gudun hijira na Bangaon da ke Indiya, sai likitan yara Dilip Mahalanabis ya sa dangin marasa lafiya su riƙa ba su haɗin da baki. Mace-mace suka sauko daga kusan kashi 30 cikin 100 zuwa ƙasa da kashi 4. A Najeriya, Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, shi ma likitan yara, ya yayata shi sosai zamanin da yake ministan lafiya, daga 1985 zuwa 1992.

Ana zuba ƙunshi ɗaya a cikin adadin ruwan da aka rubuta a jikinsa, yawanci lita 1, wato ledar fiya-wata biyu masu santilita 50. Kada a rage ruwan don ya yi ƙarfi, domin gishiri in ya yi yawa guba ne ga yaro. In babu ƙunshin, ana haɗa ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, a shafe ba a tsiri ba, cikin lita 1 na tsabtataccen ruwa. Ɗan ƙasa da shekara 2 ana ba shi mililita 50 zuwa 100 bayan kowane zawo, wanda ya fi haka 100 zuwa 200. Aikin haƙuri ne: uwa ta ɗora shi a cinya, cokali ɗaya duk minti ɗaya ko biyu. In ya yi amai a dakata minti 10, a ci gaba a hankali. Abin da ya kai awa 24 a zubar, a haɗa sabo.

Iyaye da yawa sukan raina ORS don bai tsayar da zawon ba. Ba aikinsa ke nan ba. Shi mayar da abin da ya zuba yake yi, har hanji ya warke da kansa.

Tun 2004 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka ƙara ƙwayar zink: miligiram 20 a rana tsawon kwana 10 zuwa 14, ko miligiram 10 ga ɗan ƙasa da wata 6. Tana rage tsawon ciwon, tana kuma kare yaro daga dawowarsa na wata biyu zuwa uku, shi ya sa ake so a ƙarasa ta ko da zawo ya tsaya. Nono ba a janye shi, ƙarawa ake yi. Mai cin abinci a ci gaba da ba shi kunu, fate, ayaba ko kindirmo kaɗan-kaɗan, a guji lemon kwalba. Hana abinci don "ciki ya huta" hanya ce zuwa tamowa, kuma mai tamowa ya fi saurin sake kamuwa.

Magungunan kashe ƙwayoyin cuta, irin su Flagyl da ake yawan saye a kemis, ba sa taɓa ƙwayar rota. Wurinsu atini ne da kwalara da 'yan wasu cututtuka, bisa umarnin likita. Masu ɗaure ciki kuwa, irin su loperamide, ba a ba ƙananan yara.

Lokacin zuwa asibiti

Ba a jira idan yaro ya kasa sha ko kama nono, yana amayar da komai, ya yi laushi ko barcin da ba ya tasuwa, yana jijjiga, akwai jini a kashi, ko zazzaɓi ya haɗu da zawon. Haka jaririn da bai kai wata 2 ba, da yaro mai tamowa, wanda haɗin ruwansa daban ne kuma a asibiti ake ba shi. A riƙa ba yaro ORS a kan hanya matuƙar yana iya haɗiya.

Rigakafi

Shayar da nono zalla wata 6 na farko, ba ko ruwa, yana daga cikin kariya mafi ƙarfi. Sai wanke hannu da sabulu bayan tsarki da kafin abinci, da zuba kashin yaro a masai, domin yana ɗauke da ƙwayoyin cuta kamar na babba. Rigakafin rota ɗigawa ake yi a baki. Gana ta fara ba da shi a 2012, Nijar a 2014, Najeriya kuma a 2022, inda ake ɗiga shi a mako na 6, na 10 da na 14 da haihuwa. Wani nau'insa mai jure zafi, Rotasiil, a gundumar Madarunfa ta jihar Maraɗi aka gwada shi, kuma sakamakon da aka fitar a 2017 ya nuna ya rage gudawar rota mai tsanani da kusan kashi 67 cikin 100.