Ameloblastoma

Ameloblastoma ƙari ne da ke fitowa a cikin ƙashin muƙamuƙi. Yana tasowa daga ragowar ƙwayoyin halittar da ke samar da farin ɓawon haƙori. Galibinsa ba kansa ba ne, amma yana cinye ƙashi sannu a hankali, yana kuma dawowa idan ba a cire shi duka ba. Kusan kashi 80 cikin 100 suna fitowa ne a muƙamuƙin ƙasa, musamman wajen turamen haƙora.

Yakan fara da kumburi marar zafi, daga baya haƙora su yi girgiɗi, fuska ta karkace. Ana gano shi da hoton ƙashi da gwajin tsokar da aka yanko. Maganinsa tiyata ce: a yanke ɓangaren da ya kamu, a cike gurbin da wani ƙashi.

Likita Cusack ne ya bayyana shi a 1827. A Najeriya, shi ya fi yawa cikin ƙarin da ke da asali daga haƙori. Wani nazari da aka buga a 2005 kan marasa lafiya 318 masu ƙarin da ke da asali daga haƙori a Kaduna ya nuna cewa kashi 73 cikin 100 ameloblastoma ne.