Yadda Aka Yaye Ekklesiya

'Yan'uwa cikin Kristi, a wannan Jubili ya kamata mu waiwaya mu duba hanyar da Ubangiji ya bi da mu, mu da muke sujada da Hausa a nan Zango, wajen Pissy, a yammacin Wagadugu.

Fatakenmu sun daɗe da sanin ƙasar Mosi, gama hanyar goro zuwa Gwanja ta nan ta ratsa. Amma Bishara ta wasu hanyoyi biyu ta iske mu. A shekara ta 1921 Turawan Mishan na Assemblies of God suka iso Wagadugu daga Amurka, a zamanin Mogo Naba Kom na biyu, suka zauna a Gounghin, unguwar nan da muke ratsawa in za mu shiga gari. Ɗaya hanyar kuwa daga Nijeriya take. A 1893 samari uku suka sauka Ikko, watau Gowans da Kent da Bingham, suna neman shiga ƙasar Sudan. Biyu na fari suka mutu a 1894, Bingham kaɗai ya koma gida, kuma daga wannan asara aka sami S.I.M. Sa'an nan a 1932 Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa, aikin Dokta Miller na Zariya da abokansa. Shi ne littafin da iyayenmu suka koyi karatu a cikinsa.

A shekarun fari Mishan ita ce uwa. Ita ke gina ɗakin sujada, ita ke biyan mai bishara, ita ke ba da magani da allo. Ba mu raina wannan ba, gama jariri ba ya cin tuwo. Amma uwar da ta ƙi yaye ɗanta ba ƙaunarsa take yi ba. A 1954 ekklesiyoyin S.I.M. suka haɗu suka zama E.C.W.A., a 1955 kuma ekklesiyar Assemblies of God ta wannan ƙasa ta sami shugabanni nata na kanta, shekara 5 kafin ƙasar ta sami mulkin kai a 1960. A 1976 S.I.M. ta miƙa wa E.C.W.A. sauran ayyukanta na Nijeriya. Mosawa suka sami dukan Littafi da harshensu a 1983.

To, mene ne alamar an yayu? Takarda da hatimi ba su isa ba. Manzo Bulus ya koya wa Afisawa, a sura ta 4, cewa an ba ekklesiya masu kiwo da masu koyarwa domin su shirya kowane mai bi ya iya aikin Ubangiji da kansa, har ya zama babba, kada kowace sabuwar koyarwa ta kwashe shi. Mun ga haka a tarihi. Masu bishara Mosawa sun kai Maganar Allah Togo da Kwaddibuwa, masu bi na Nijeriya kuma suka kafa ƙungiyar aika 'yan mishan tasu, wadda ake kira E.M.S., suna tallafa mata da baikonsu.

Sai mu faɗi namu laifi. Wata shekara iskar farkon damina ta yaye kwanon ɗakin sujadarmu. Maimakon mu tashi, sai muka zauna muna rubuta wasiƙu zuwa ƙasar waje, har damina biyu muna sujada ruwa na zuba a kan benci. Mu masu wa'azi mu ne kan gaba wajen wannan jira. Waɗanda suka kunyata mu su ne matan Zumunta masu fasa dutse a ramin Pissy. Duk wanda ya taɓa leƙa ramin ya san aikin: a ƙone tsofaffin tayoyi a kan dutse har ya tsage, a ɗauko shi a ka daga ƙasa, a wuni ana farfasa shi da guduma cikin hayaƙi. Kowace ta riƙa ware kuɗin faranti ɗaya na tsakuwa a mako, ba su gaya wa kowa ba sai ran da suka ajiye kuɗin a gaban dattawa. Da shi aka sayi kwanon fari, maza kuma suka ji kunya suka cika sauran.

Har yanzu da saura. Muna da waɗanda aka yi wa baftisma shekara goma da suka wuce, ba su iya buɗe Littafi su karanta wa 'ya'yansu ba, in ciwo ya zo kuma sai a gan su a ƙofar boka da dare. Saboda su dattawa suka mai da ajin karatu ran Alhamis da yamma, bayan an tashi daga ramin dutse, kuma biyu daga cikin matan nan ne ke koyarwa.