Amosanin gwiwa a tsakanin tsofaffin sojoji

Amosanin gwiwa ciwo ne da ke samuwa idan guringuntsin da ke lulluɓe da kan ƙasusuwan gwiwa ya zaizaye, har ƙashi ya riƙa gugar ƙashi. Alamominsa sun haɗa da zafi wajen tafiya ko hawa matakala, ƙagewar gwiwa da safe, kumburi, da ƙara idan an lanƙwasa ƙafa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutane kusan miliyan 528 ne ke fama da irin wannan amosanin gaɓɓai, kuma miliyan 365 daga cikinsu a gwiwa yake damunsu.

Dalilin yawaitarsa ga sojoji

Aikin soja ya ƙunshi doguwar tafiya da kaya masu nauyi, fareti, tsalle da durƙuso. Raunin da gwiwa ta samu a ƙuruciya, kamar tsinkewar jijiya, kan jawo amosani bayan shekaru. Tsufa da ƙiba kuma suna ƙara tsananta shi. A Najeriya, waɗanda suka yi yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 da waɗanda suka je Laberiya ƙarƙashin rundunar ECOMOG daga 1990 duk sun kai shekarun da ciwon ya fi bayyana. Wasu tsofaffin sojoji kan kama aikin gadi bayan ritaya, irin wanda ake samu a masana'antun Chalawa kusa da Panshekara, da na Sharaɗa da Bompai a Kano. Aikin na buƙatar doguwar tsayuwa da zagaye, don haka ciwon gwiwa na iya raba mutum da abincinsa.

Motsa jiki

Guringuntsin da ya zaizaye ba ya komawa yadda yake, amma ana iya rage zafi da kare ƙarfin ƙafa. Ƙa'idojin da Ma'aikatar Tsofaffin Sojoji da Ma'aikatar Tsaro ta Amurka suka fitar a 2014, aka sabunta a 2020, sun sanya motsa jiki da rage ƙiba cikin matakan farko. Atisayen da ya fi amfani shi ne mai ƙarfafa naman cinya, kamar ɗaga miƙaƙƙiyar ƙafa daga kwance, ko tashi da zama a kan kujera. Tafiya a shimfiɗaɗɗen wuri da tuƙa keke ma suna taimakawa. Sai an jure na makonni kafin a ga sauƙi, kuma yawan kwanciya raunana cinya yake yi. Riƙe sanda a hannun da ke ɓangaren lafiyayyar ƙafa na rage wa gwiwa nauyi. Masu wahalar durƙuso kan koma masai na zama, su kuma yi salla a kan kujera.

Magunguna

Magani yana rage zafi ne domin mutum ya iya motsi. Likitoci kan fara da na shafawa, kamar man diclofenac, domin illarsa ba ta kai ta ƙwaya ba. Ƙwayoyi irin su ibuprofen da diclofenac suna aiki, sai dai daɗewa ana shansu na iya jawo gyambon ciki, ya taɓa ƙoda, ya ta da hawan jini. Farasitamol ya fi su sauƙin illa, amma tasirinsa kaɗan ne. Allurar sitiroyid a cikin gwiwa kan kawo sauƙi na 'yan makonni. Ba a son dogaro da tiramadol saboda yana kama jiki.

Wuraren jinya a Kano

Asibitin Ƙashi na Ƙasa da ke Dala, wanda aka buɗe a 1959, da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano suna da sassan gashin ƙashi, inda ake tsara wa kowane majinyaci atisayen da ya dace da shi. Idan waɗannan matakai suka gaza, zafi ya hana barci da tafiya, akan duba yiwuwar tiyatar sauya gwiwa.